Mashin Ɗin Daji da Gyaran Malam Alu

Ranar da Jabir ya turo mashin ɗin nan cikin lungunsu na Agege, mahaifinsa Malam Alu yana zaune a bakin rumfarsa yana wanke kafireto cikin gwangwanin fetur. Ya ɗaga kai ya dubi abin, ya sake dubawa. Shekara da shekaru yana gyaran babura a bakin layin dogo, babu irin wanda bai kwance ya ɗaure ba, amma wannan kam ya rasa layin da zai sa shi. Inji ɗan ƙarami, ƙafafu zaƙo-zaƙo, madigadin gaba can sama nesa da taya, wurin zama kuwa siriri, ko mutum ɗaya sai ya zauna da dabara.

"Na daji ne, Baba," in ji Jabir yana share gumi. "Na hannu na samu. Akwai abokaina da suke fita bayan garin Ifo duk Asabar, cikin gonaki da tsofaffin hanyoyin masu katako."

"Fita yin me?"

"Yawo kawai."

Yawo kawai! A wurin Malam Alu mashin abinci ne. A kansa ake ɗora fasinja biyu da buhun garin rogo, da shi ake aure, da shi ake yin rufin kwano a ƙauye. A ce mutum ya zuba mai ya tafi daji ba fasinja ba kaya, don dai ya shafa taɓo ya dawo? Sai 'yan Legas. Amma bai ce komai ba, ya mayar da kansa kan kafireto.

Ai ba ya iya cewa komai ɗin ma. Jabir ɗan fari ne, Malam Alu kuwa mutumin da ne, irin waɗanda suka taso da kunyar ɗan fari. Legas ta cinye masa karin harshen garinsu, ta koya masa Yarbanci da cin amala, amma wannan kunyar ba ta taɓa ta ba. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, sai dai "kai" ko "wannan". Bai taɓa zama ya yi hira da shi ba. Jabir ya girma, ya yi makaranta, ya buɗe shagon gyaran waya a Ikeja, ya tara gemu, duk tsakaninsa da uban bai wuce gaisuwar safe da ta yamma ba. Kada wani ya ce ba ƙauna. Ƙauna tana nan har ta yi yawa, hanyar fita ce ba ta da ita.

To, sai ga mashin ya shigo gida. Mashin kuwa shi ne yaren da Malam Alu ya iya. A ransa ya ce, yau dai Allah ya kawo abin da zai haɗa mu.

Ina! Jabir da kansa ya kama aikinsa. Kullum ya dawo daga Ikeja sai ya shimfiɗa kwali a tsakar gida, ya jingina waya da bokiti, wani bature yana surutu a ciki, shi kuma yana bin sa da sifana. Ya cire tayoyin kwalta ya sa masu manyan haƙora. Ya canza faranti mai haƙora na sarƙar baya ya sa babba, wai don mashin ya riƙa hawa tudu ba tare da ya shaƙe ba. Ya yi wa fitila raga, ya ɗaura 'yar kariya a baya wadda ko kwandon tumatir ba za ta ɗauka ba. In Malam Alu ya zo wucewa ya ɗan tsaya, ya yi gyaran murya, ya ce, "Wannan notin da lamba sha biyu ake kama shi," sai Jabir ya miƙe da ladabi ya ce, "To Baba. Ka huta, Baba, ka gaji." Shi yaron girmamawa yake yi, uban kuwa ji yake kamar an rufe masa ƙofa a fuska.

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne farantin ƙarfen da aka yi wa inji a ƙasa don kada dutse ya fasa shi. A bakin mai shayi ya ji labari, wai ɗansa ya kai aikin wurin wani mai walda a Dopemu. Mutane suka dube shi, shi ma ya dubi kofinsa. Dama tun da aka hana okada, wato acaɓa, shiga Ikeja da manyan hanyoyi, aiki ya ja baya a rumfar, yaran da ya koya wa sana'a duk sun watse, wasu sun koma keke mai ƙafa uku, wasu sun koma gida. Yanzu kuma ga mashin a tsakar gidansa, ba shi da ko noti ɗaya a jiki.

Ya faɗa wa matarsa Kalsum, ita ma a kaikaice.

"Abin da nake so bai taka kara ya karya ba," in ji shi. "Abu ɗaya dai a jikin mashin ɗin nan a ce aikina ne. In ya hau ya tafi dajin nasa, ya san da ni a tafiyar."

"To Malam, ka faɗa masa mana."

"In faɗa masa? Ni?"

Ta yi dariya ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ana nan sai ƙarfen kai ya iso, wato wanda ake riƙewa a tuƙa. Jabir ya yi odarsa ta waya, ya daɗe yana jira, ranar da ya zo har da ɗaukar hoto. Da ya ɗaura shi Malam Alu ya leƙo ta taga. Faɗin abin ya wuce hankali, ga shi a miƙe sambal, sai ka ce ƙahon bijimin da aka sauke a mayankar Oko-Oba. Nan kam ba maganar son rai ba ce, maganar sani ce. Duk wanda ya yi okada a Legas ya san abu na farko da ake yi wa sabon mashin: a rage ƙarfen kai, a lanƙwaso shi ciki, don mutum ya iya kurɗawa tsakanin motar haya ta danfo da tirela a cikin gosulo. Malam Alu ya ga yara da yawa da madubin mota ya kama musu ƙarfen kai ya watsar a kwalta. Ya ga wanda ya rasa yatsu. A hannunsa an rage ƙarfen kai ya fi a ƙirga, kuma har daga Ajegunle ake zuwa nemansa, don nasa ba ya karkacewa.

Wannan baturen na cikin waya ya san cunkoson mahaɗar Pen Cinema da yamma? Ya san direban danfo in ya hango fasinja? Bai sani ba. To ga abin da uba zai yi wa ɗansa, ba sai an yi magana ba.

Washegari da Jabir ya tafi shago, ya fito da mashin ɗin rumfa. Ya zare robobin riƙo, ya kwance liba da totur, ya auna da yatsunsa, ya sa zarto ya datse kowane gefe. Ya kai wa maƙwabcinsa mai walda aka gasa, shi da kansa ya lanƙwasa, yana rufe ido ɗaya yana hange har ɓangarorin suka zo daidai. Ya goge bakin da fayil, ya fesa baƙin fenti, ya mayar da komai mazauninsa. Wallahi aikin ya yi kyau. Duk ɗan okadan da ya wuce sai ya rage gudu ya ce, "Oga, hannunka na nan!"

Da la'asar sakaliya Jabir ya dawo. Ya tsaya a kan mashin ɗin, jakarsa a kafaɗa, bai ajiye ba. Ya daɗe a tsaye. Ya kai hannu ya shafa ƙarfen daga wannan gefe zuwa wancan. Malam Alu yana alwala a bakin rariya, yana satar kallonsa ta wutsiyar ido.

"Baba, kai ka yi?"

"Legas ce," in ji Malam Alu, bai juyo ba. "Ba a shiga gosulo da ƙaho."

Jabir ya russuna. "Sannu da aiki, Baba. Allah ya ƙara girma. Na gode."

Ranar Malam Alu ya ci tuwo har da neman ƙari. A wurin mai shayi kuwa ba a sake jin wata magana ba sai ta mashin ɗin daji. "Yaran yanzu akwai ƙoƙari," yake cewa, "amma sai an ɗan taɓa musu." Duk Asabar da safe yana bakin rumfa lokacin da Jabir zai fita da hular kwano da manyan takalma, ya bi shi da kallo yana ratsa masu keke da masu kwando sumul, ko kafaɗar wani bai taɓa ba. Daɗin da yake ji a lokacin ba ya faɗuwa.

Fitar farko Jabir ya dawo yana ɗan ɗingishi, kafaɗarsa ta dama a sanƙare. Uwar ta tambaya, ya ce taɓo ne ya ja shi, kowa ma yana faɗuwa. Ta dafa masa ruwan zafi, magana ta wuce. Bayan nan kuwa lafiya lau yake dawowa, shi da mashin duk sun yi jajawur da laka, yana ba ƙannensa labarin rafin da suka tsallaka da gadar itacen da suka bi.

Damina ta yi nisa kafin Malam Alu ya fara lura. Wata Lahadi ya zo wucewa ta jikin mashin ɗin kafin a wanke shi. Laka har kan tanki, har cikin ragar fitila, amma ƙarfen kai tas, baƙin fentinsa na ƙyalli kamar jiya aka fesa. Ya sunkuya ya dubi notunan da suka riƙe shi. Kawunansu sun cinye, sun yi fari, irin na notin da sifana ta dame shi da kwancewa da ɗaurewa. Shi kuwa ya san sau ɗaya ya kwance su. Ya miƙe ya tafi masallaci, amma abin ya tsaya masa a rai har Asabar ta zagayo.

Ran nan da hantsi, bayan Jabir ya fita, ya shiga danfo zuwa Iyana Ipaja sayen takalmin birki. Can ne Shitu yake da rumfa. Shitu a hannun Malam Alu ya koyi gyara, yanzu ya zama oga da kansa, har da tumbi. Malam Alu ya ce bari ya biya su gaisa. Tun kafin ya yi sallama ya hango shi: ƙarfen kai, baƙi, gajere, a rataye jikin ƙusa a bangon rumfar, an ma ɗaura masa leda don kada ƙura ta hau. Ko cikin dubu aka jefa shi zai gane lanƙwasarsa.

Shitu ya fito daga ƙarƙashin wani keke, ya ga inda idon maigidansa yake, ya yi tsuru-tsuru.

"Oga, sannu da zuwa. A kawo ruwa? Kai, a kawo wa Oga kujera!"

"Shitu, mene ne wancan?"

"Wanne, Oga?"

"Shitu."

Shitu ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa, alhali ba abin da ya rage a jiki. Sannan ya faɗi gaskiya. Duk Asabar Jabir yana biyowa nan da sassafe, su cire wannan su ɗaura wani mai faɗi da ya sake saya ya ajiye a wurinsa. Da yamma in ya dawo daga daji, komai gajiyarsa, ko ana ruwa, sai ya tsaya an mayar da gajeren kafin ya shiga Agege.

"Don me?" in ji Malam Alu. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Oga, wallahi aikinka ba shi da aibu. A kwalta babu kamarsa. Amma daji daban ne. Can a tsaye suke tuƙi, ba a zaune ba. In tayar gaba ta shiga yashi ko ta daki saiwa, fizge kan take yi, to sai da faɗin nan mutum yake samun ƙarfin da zai dawo da ita. Da gajere kuwa…" Ya ciro waya. "Abokinsa ya turo mini. Fitarsu ta farko ce."

Malam Alu ya karɓa ya nisanta ta da idonsa. Ga wata jar hanya tsakanin itatuwan goro, ga mashina suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya, kowa a tsaye, hannuwa a buɗe. Ga Jabir a baya, gwiwar hannunsa a matse da haƙarƙari. Tayar gaba ta shiga yashi, kan mashin ya murɗe, yaron ya yi ta kokawa da shi, ina, sai ga shi ya tashi sama ya sauka a kan kafaɗa, mashin ya biyo shi. Wani kututture yana nan dab da inda kansa ya sauka. Mai ɗaukar hoton ya yi salati, hoton ya kife.

Bai ce a sake kunnawa ba. Ya miƙa wa Shitu wayarsa.

"Na ce masa ya gaya maka," in ji Shitu. "Ya ce a'a. Ya ce, Baba ne ya yi mini da hannunsa, ba zan shiga gida babu shi ba."

Malam Alu ya zauna a kujerar da aka kawo. Hayaniyar Iyana Ipaja tana ta tashi, 'yan kamasho suna kiran Sango, Sango, mai tallar agbo, jiƙon maganin Yarbawa, tana wucewa da robarta, shi kuwa ko ɗaya ba ya ji. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, ga tsoron abin da ya riga ya wuce, ga kuma tausayin yaron da ya rufe shi har ya rasa inda zai sa kansa. Watanni yana cika baki a wurin mai shayi, ashe ɗansa yana can yana kwance noti cikin ruwan sama don kada ran uba ya ɓaci.

Can ya miƙe, ya sa hannu ya sauko da ƙarfen daga ƙusa.

"Oga, in ya dawo fa me zan ce masa?"

"Ka ce mai shi ya zo ya karɓa."

Ya manta da takalmin birkin da ya kawo shi. Sai da ya zagaya layin masu kayan gyara ya zaɓi sababbin notuna masu kyau, ya gwada kowanne da idonsa, sannan ya shiga mota.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya ji ƙarar mashin a bakin lungu, sai kuma aka kashe. Jabir ya shigo yana turawa, yana karkata faffaɗan kan don ya wuce tsakanin bango da teburin mai ƙosai. Ya yi wanka da laka har gira. Da ya ga uban a bakin rumfa, ga gajeren ƙarfen a kan benci kusa da shi, sai ya tsaya cak, ya cire hular kwano ya riƙe a hannu.

"Baba, sannu da gida."

"Yawwa. Kafaɗar ta warke?"

"Ta warke, Baba."

"Ɗaga in gani."

Ya ɗaga. Ta tafi, amma ba ta kai ɗayar ba, kuma Malam Alu ya ga yadda ya cije leɓe.

"Da ka faɗa mini," in ji shi.

"Na ga ka ji daɗi ne, Baba. Ban taɓa ganin ka ji daɗin wani abu nawa kamar ranar ba."

Malam Alu ya kawar da kai ya dubi layin dogo.

"Ni kwalta na sani," ya ce. "Ban san daji ba. Na kusa kashe ka da gwanintata, kana kuma yi mini godiya."

"Haba Baba…"

"Shigo da shi nan."

Jabir ya turo mashin cikin rumfa, karo na farko da hannunsa. Malam Alu ya kafe shi, ya sa katako ya tokare, ya ciro sababbin notunan daga aljihu. Ya zare tsofaffin da suka cinye ya jefa a gwangwani, ya sa sababbin, amma bai ɗaure ba, ya bar ƙarfen yana juyawa gaba da baya.

"Hau. Tsaya yadda kuke tsayawa a can."

Jabir ya dube shi, sannan ya hau, ya miƙe tsaye a kan matakai, ya buɗe hannuwa. Kansa ya kusa taɓa kwanon rumfar. Kalsum ta leƙo daga ƙofar gida da ludayi a hannu, ta ga abin da ake ciki, ta koma ciki.

"Nan?" in ji Malam Alu.

"A ɗan tura gaba, Baba."

Ya tura.

"Ya yi yawa. Dawo da shi kaɗan."

Ya dawo da shi.

"Kaɗan kuma. Yawwa, nan. Ɗaure."

Tun rasuwar ubangidan da ya koya masa sana'a, ba wanda ya sake ce wa Malam Alu ɗaure. Ya sa sifana ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya, a gicciye, a hankali. Da ya gama bai miƙe ba. Yana nan durƙushe a gaban tayar, sifana a hannu, ya ɗaga kai yana duban ɗansa, yana jira a ce masa ya yi ko bai yi ba.